Magani Ya Kashe, Wa Zai Kwashe? Allurar Rigakafi a Jinyar Kuturta

Wata ranar Talata da hantsi, a barandar wani asibitin fata da ke bayan gari, na zauna benci ɗaya da wani dattijo manomi wanda ɗansa ya ɗauko daga ƙauye a kan babur. Ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, don ko yadin ba ya son ya taɓa shi. Damatsansa da goshinsa duk ƙulalai ne masu sheƙi, wasu kamar ƙwayar gyaɗa, wasu sun fi haka, kuma da an taɓa sai ya zabura. Kwana huɗu bai runtsa ba saboda zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. A aljihun gabansa akwai katin asibiti da ya sha naɗi har ya yi laushi, an cike gurabe goma sha biyu cif, shaidar cewa ya shanye maganin kuturta na shekara guda bai tsallake ko wata ɗaya ba.

Da layi ya zo kansa, sai ya ajiye katin a kan tebur ya ce wa ma'aikacin, “Likita, da bakinka ka ce mini na warke. To wannan kuma mene ne? Ciwon ne ya dawo?”

Ma'aikacin, saurayi ne da bai wuce sa'ar ɗansa ba, ya kama gwiwar hannunsa a hankali yana lalubar jijiyar da ke bayan ƙashi. Ya ce, “Baba, ban yi maka ƙarya ba. Ƙwayar cutar ta mutu, ba ka iya sa wa kowa. Gawarta ce ba ta gama fita daga jikinka ba, ita ce jikin yake faɗa da ita.”

Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, “To yaushe za ta gama fita?”

Wannan tambaya ta dattijon ita ce ta sa wasu masana a Indiya da Benezuwela suka shafe shekaru suna gwada wani abu da kunnen Bahaushe zai ji banbaraƙwai: yi wa mutum allurar rigakafi bayan cutar ta riga ta kama shi, yana tsakiyar shan magani. Mun taso muna jin cewa rigakafi ya fi magani, wato ɗaya yana gaba ɗaya yana baya. A nan kuwa tare ake son su tafi, kowa da aikinsa.

Abin da magani ya iya

Kafin a zo ga allurar, dole a ba maganin haƙƙinsa, don ya yi abin a yaba. A 1873 ne wani likita ɗan ƙasar Nowe, Gerhard Armauer Hansen, ya ga ƙwayar kuturta a madubin likita a birnin Bergen, amma sai bayan kusan shekara saba'in aka samu maganin da ke taɓa ta da gaske, wato dangin dafson. Najeriya tana da hannu dumu-dumu a wannan tarihi. A Uzuakoli, cikin jihar Abiya ta yanzu, Dakta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya haɗiyar dafson ƙwaya-ƙwaya a ƙaramin awo ba tare da ya yi illa ba, kuma a nan ne dai Stanley Browne ya gwada kulofazimin a kan masu kuturta a farkon shekarun 1960. Dafson shi kaɗai aka yi ta ba mutane, wasu har iya rayuwarsu, har ƙwayar ta fara bijire masa. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa magani uku, rifamfisin da dafson da kulofazimin. Wannan haɗi shi ne ma'aikata ke kira MDT. Tun 1995 kyauta ake ba da shi a duk duniya, da farko da kuɗin Gidauniyar Nippon ta Japan, daga shekarar 2000 kuma kamfanin Novartis ne ke bayarwa.

Duk wanda ya yi jinyar mai kuturta ya san sashen maganin: faranti ɗaya na kwana 28, layin sama na ranar farko da ake haɗiya a gaban ma'aikaci, sauran kuma na kullum a gida. Ya san fitsarin da ke yin ja ranar da aka sha rifamfisin, ya san yadda kulofazimin ke sa fata ta yi duhu ta bushe, abin da ke sa 'yan mata da amare ɓoye maganin ko su daina sha. Mai ƙaramar kuturta wata 6 yake yi, mai babba wata 12. Rifamfisin kuwa ba ya wasa, shan farko kaɗai yana kashe fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙwayoyin da ke raye. Shi ya sa mutumin da ya fara magani ba ya yaɗa cutar, kuma babu dalilin da zai sa a ware masa kwano ko a kai shi bayan gari.

Gawar da ba ta fita

Kuturta cuta ce mai ban mamaki, don kamanninta a jikin mutum ya dogara ne ga yadda garkuwar jikinsa ta karɓe ta. Yawancin mutane, kusan 95 cikin ɗari, ko sun shaƙi ƙwayar ba za ta kama su ba. Cikin waɗanda ta kama, akwai mai garkuwa mai ƙarfi: jikinsa yana tsare ƙwayar a wuri ɗaya, sai ka ga tabo ɗaya ko biyu da suka yi haske, waɗanda in aka goga musu auduga yana rufe da ido ba ya ji. In aka nemi ƙwayar a fatarsa da wuya a gan ta. A ɗaya gefen kuma akwai wanda jikinsa bai ɗauki ƙwayar a matsayin baƙuwa ba sam. Sojojin jininsa suna faɗa da tarin fuka da kowace irin cuta, amma in sun zo kan ƙwayar kuturta sai su wuce kamar ba su gan ta ba. Ita kuwa tana ninka kanta sau ɗaya cikin kwana 12 zuwa 14, a hankali, shekara da shekaru, har ta cika fata da hanci da jijiyoyi. Irin wannan ne kunnuwansa ke yin kauri, girarsa ta zube, hancinsa ya riƙa toshewa. Tsakanin waɗannan biyu akwai matakai, kamar yadda wasu likitoci biyu, Ridley da Jopling, suka tsara su gida biyar a 1966.

Ana auna yawan ƙwayar ne ta hanya mai sauƙi. Ma'aikaci ya matse fatar kunne da yatsu biyu har jini ya janye, ya ɗan tsaga ta da reza, ya kankaro ruwan ciki ya shafa a gilashi, a rina a duba a madubi. Ma'aunin yana tashi daga sifili zuwa 6, kuma kowane mataki ninki goma ne na wanda ke ƙasansa. Mai babbar kuturta yana iya zuwa da 4 ko 5 ko 6. Abin da ke ba likitoci ciwon kai shi ne, duk ƙarfin maganin, wannan ma'auni ba ya sauka da fiye da kimanin mataki ɗaya a shekara, wani lokacin ma rabin mataki. Wanda ya fara da 5 zai gama watanninsa goma sha biyu, a sallame shi, alhali fatarsa da jijiyoyinsa na ɗauke da miliyoyin matattun ƙwayoyi. Magani ya kashe, amma kwashewa aikin garkuwar jiki ne, ita kuwa tun asali ba ta ga abin da za ta kwashe ba.

Waɗannan gawarwaki su ne makamashin abin da ma'aikata ke kira riyakshan, wato borin da jiki ke yi. Iri biyu ne. Akwai wanda tsofaffin tabbai ke kumbura su yi ja, jijiya ta kumbura, cikin 'yan kwanaki hannu ya saki ko ƙafa ta fara ja ko ido ya ƙi rufuwa. Akwai kuma irin na dattijon nan, mai ƙulalai da zazzaɓi, wanda ke samun kusan rabin masu kuturta mafi nauyi, kuma yana iya tafiya yana dawowa shekara uku, huɗu, biyar bayan an gama magani. Abin da ake yi masa shi ne firednisolon, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, wanda in aka daɗe ana sha yake kumbura fuska, ya tayar da ciwon suga da hawan jini, ya cinye ƙashi, ya buɗe wa tarin fuka ƙofa. Akwai talidomaid, wanda Jacob Sheskin ya gano amfaninsa ga wannan bori a birnin Ƙudus a 1964, amma yana nakasa ɗan da ke ciki, don haka samunsa da ba da shi sai da tsauraran sharuɗɗa.

Ya kamata a faɗi wannan a fili, domin mutane da yawa ba su sani ba: yatsun da muke gani sun guntule ba ƙwayar ce ke cinye su ba. Jijiya ce ke mutuwa, sau da yawa a lokacin irin wannan bori, hannu ya daina jin zafi, mace ta sauke tukunya daga murhu ba ta san ta ƙone ba, manomi ya taka ƙaya ya wuni a gona da ita. Gyambo ya shiga, ya kai ga ƙashi. Duk shekarar da gawar ƙwayar ta ƙara a jiki, shekara ce ta zaman ɗar-ɗar ga jijiyoyin mutum.

Akwai kuma 'yan tsirarun ƙwayoyi da ke lafewa kamar sun yi barci, magani ya wuce ta kansu. A Cibiyar Marchoux da ke Bamako an bi diddigin mutum 35 da suka sha MDT na shekara biyu, rahoton da ya fito a 1995 ya nuna cutar ta dawo wa 7 daga cikinsu, kuma akasarin haɗarin yana kan waɗanda suka fara da ma'auni 4 ko fiye. Adadin mutanen kaɗan ne, kuma a dunƙule dawowar cutar bayan MDT ba ta da yawa, amma binciken ya nuna inda ɓarakar take.

Daga tabon kafaɗa zuwa Benezuwela

Dabarar ta samo asali ne daga wata allura da yawancinmu ke ɗauke da shaidarta a kafaɗar hagu. BCG, wadda ake yi wa jarirai saboda tarin fuka tun 1921, an yi ta ne da ƙwayar da ke 'yan uwantaka da ta kuturta. Da aka bincika sai aka tarar tana kare mutum daga kuturta ma, sai dai kariyar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: kusan kashi 80 cikin ɗari a wani gwaji na Yuganda, kusan kashi 20 kawai a Bama. A gundumar Karonga ta arewacin Malawi, sakamakon da aka buga a 1996 ya nuna cewa maimaita BCG karo na biyu ya rage kamuwa da kuturta da kusan rabi. To in 'yar uwar ƙwayar tana iya koya wa lafiyayyen jiki gane kuturta, me zai hana ta farkar da jikin da ya riga ya kamu?

Wanda ya fara riƙe wannan tambaya da hannu biyu shi ne Jacinto Convit, likitan Benezuwela da ya fara aiki da masu kuturta tun yana ɗalibi, ya kuma rasu a 2014 yana da shekara 100. Matsalarsa ta farko ita ce ƙwayar kuturta ba ta yarda a shuka ta a kwalba ba, har yau ɗin nan. Sai a tafin ƙafar ɓera, ko a jikin armadilo, wata dabbar nahiyar Amurka mai ɓawo a baya kamar sulke, wadda aka gano a 1971 cewa kuturta na kama ta sosai. Convit ya riƙa ciro ƙwayar daga armadilo, ya kashe ta da zafi, ya gauraya da BCG mai rai, ya yi wa marasa lafiyarsa a fata sau da yawa. Ya ba da rahoton cewa da dama daga cikinsu jikinsu ya fara gane ƙwayar, fatarsu ta fara sharewa. Amma ba za a iya kiwon armadilo don wadata duniya da allura ba, kuma manyan gwaje-gwajen kariya a Benezuwela da Malawi ba su nuna cewa ƙarin matacciyar ƙwayar ya fi BCG zalla ba. Hanyar ta tsaya a nan.

Ƙwayar da aka sa wa harafi ɗaya

Indiya ce ta ɗauki ragamar, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda fiye da rabin sababbin masu kuturta na duniya a kowace shekara a can suke. A shekarun 1970, Farfesa Gursaran Pran Talwar da ɗalibansa a babbar cibiyar koyar da likitoci ta AIIMS da ke Delhi suka yi wani tunani mai sauƙi. Jikin mai babbar kuturta ya makance ne ga ƙwayar kuturta ita kanta, don haka ƙara masa ita ba zai buɗe masa ido ba. Abin nema shi ne wata 'yar uwarta da ta yi kama da ita har jiki ya iya danganta su, ta kuma bambanta da ita har jiki ya ɗauke ta baƙuwa ya tashi tsaye. Suka bi jerin dangin ƙwayar waɗanda ba sa jawo cuta kuma ana iya shuka su a kwalba, suna gwada su da jinin marasa lafiya. Wadda ta yi zarra tana ɗauke da lambar ɓoye ta harafin w, aka yi ta kiranta Mw shekara da shekaru. Daga baya da aka tabbatar jinsi ce mai zaman kanta sai aka raɗa mata Mycobacterium indicus pranii, a taƙaice MIP, sunan da ya haɗa Indiya da Pran da kuma Cibiyar Nazarin Garkuwar Jiki ta Ƙasa, wadda Talwar ne shugabanta na farko.

Allurar ba ta da wani girma. Matacciyar ƙwaya ce da aka kashe da zafi, ana ɗura kashi ɗaya cikin goma na mililita a cikin fatar damtse, ba a tsoka ba, har sai wurin ya ɗan taso kamar cizon sauro. Bayan 'yan makonni sai ƙulli ya fito, wani lokacin ya fashe ya zama ɗan ƙaramin miki, ya warke da kansa ya bar tabo irin na BCG. A gwaje-gwajen da aka yi a asibitocin Safdarjung da Ram Manohar Lohia na Delhi daga ƙarshen shekarun 1980, ana yin ta duk wata uku har sau takwas, mara lafiya kuma yana ci gaba da shan MDT ɗinsa yadda aka saba. An raba marasa lafiya gida biyu, wasu allurar gaske wasu ta bogi. Waɗanda suka samu ta gaske ma'aunin ƙwayarsu ya fi saurin sauka, tabbansu sun fi saurin bajewa, kuma da yawa daga cikin waɗanda fatarsu ba ta amsa gwajin lefromin a da, gwajin da ke nuna ko jiki ya gane ƙwayar kuturta, sai ta fara amsawa. A 1998 hukumar kula da magunguna ta Indiya ta amince da allurar, kamfanin Cadila Pharmaceuticals ya shiga yin ta.

Binciken da ya fi jan hankalina shi ne na cibiyar JALMA da ke Agra, ƙarƙashin Dakta Kiran Katoch, saboda ya ɗauki ainihin mutanen da ake magana a kansu, masu ƙwaya jingim, ya kuma bi su shekara 10 zuwa 12. Gida uku aka yi: masu magani kaɗai, masu magani da BCG, da masu magani da Mw, ana allurar duk wata shida. Masu magani kaɗai sai da suka kai kimanin shekara biyar kafin a daina ganin ƙwayar a fatarsu. Masu Mw kimanin shekara uku, masu BCG uku da rabi. Borin jikin ma ya fi saurin yankewa a wurin waɗanda aka yi wa allura. Shekara biyu ke nan aka rage wa mutum na zaman jiran ranar da jiki zai sake tashi. Likitocin fata na babbar cibiyar PGIMER da ke Chandigarh su ma sun gwada alluran biyu a kan masu babbar kuturta, suka ga ƙwayar ta fi saurin sharewa.

Abin lura a nan shi ne BCG, wadda ke cikin firjin kusan kowane asibitin sha-ka-tafi a ƙasarmu, ba ta yi nisa a bayan Mw ba.

An kuma gwada Mw a matsayin kariya ga iyalan marasa lafiya a yankin Ghatampur kusa da Kanpur, inda aka ga kariya ta kusan kashi biyu cikin uku a shekaru ukun farko, sannan ta riƙa raguwa har ta koma ƙasa da rabi bayan shekara tara. A 2016 gwamnatin Indiya ta sanar da fara gwada ta a gundumomi biyar na jihohin Bihar da Gujarat.

Inda gizo ke saƙar

To me ya sa har yanzu wannan allura ba ta shiga ƙa'idar jinya ta Hukumar Lafiya ta Duniya ba, wadda aka sabunta a 2018? Dalilan ba na wasa ba ne. Gwaje-gwajen jinyar ƙanana ne, wasu mutum goma-goma a kowane gida, kusan dukkansu a ƙasa ɗaya aka yi su, kuma da yawa a zamanin da ake shan MDT shekara biyu ko har sai fata ta share, ba wata 12 na yanzu ba. Sannan saukar ma'aunin ƙwaya abu ne da madubi ke gani. Abin da mara lafiya ke so ya sani shi ne ko hannunsa zai tsira, kuma a kan wannan hujjar ba ta yi ƙarfin da ake so ba. Ko a fagen kariya ma Mw ba ta yi nasara ko'ina ba. A babban gwajin kudancin Indiya da ya ƙunshi mutum fiye da 170,000, wanda aka buga a 1998, kariyarta kusan kashi 26 ce kawai, BCG kusan 34, yayin da wata ƙwaya ta Mumbai mai suna ICRC ta ba da kusan 65.

Akwai kuma haɗarin da ke tattare da dabarar kanta. Farkar da garkuwar jiki tamkar hura wuta ce a ɗakin da ke da kaya. Jikin da ya fara ganin ƙwayar yana iya far mata a cikin jijiya, wato borin nan na farko mai sakar da hannu. A gwaje-gwajen Delhi an ɗan fi ganin irin wannan bori a fatar waɗanda aka yi wa allura, ko da yake ba a ga lalacewar jijiya ta ƙaru ba. Amma waɗancan mutane ne da likitocin fata ke dubawa a kai a kai a babban birni. Wanda ke tafiyar awa uku a kan babur kafin ya ga ma'aikaci, lissafinsa daban ne. BCG kuwa ƙwaya ce mai rai, ba a yi wa mai juna biyu ko wanda cutar ƙanjamau ta raunana, ko wanda ke kan firednisolon mai yawa.

Afirka ma tana da nata darasin da wannan allura. An gwada ta a kan mutum 1,400 masu tarin fukan da ya kama jakar zuciya a ƙasashe takwas na nahiyar, har da Najeriya, aka buga sakamakon a 2014. Ba ta yi amfani ba, kuma an ga ƙarin cutar daji a cikin waɗanda aka yi wa, akasari masu ɗauke da ƙanjamau. Cutar daban ce, marasa lafiyar daban ne, amma ya isa ya nuna cewa abin da ya yi kyau a Agra sai an gwada shi a nan kafin a ce ya yi.

Mu kuma fa?

Najeriya ta cika sharaɗin da ake kira kawar da kuturta a 1998, ma'ana ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000 ne ke kan magani. Wannan kalma ta yi mana illa, don ta sa jama'a da masu rabon kuɗi suka ɗauka an gama. Har yanzu ana gano sababbin masu cutar fiye da dubu biyu a shekara a ƙasar, cikin kusan 180,000 na duniya, kuma mafi yawan namu masu babbar kuturta ne, da dama sun riga sun nakasa kafin su iso asibiti. Mutum yakan shekara yana shafa wa tabo maganin ƙyasbi, ko a ce masa ya bar naman akuya da kifi, ko iyali su ɓoye shi don kada a fasa auren ƙanwarsa. Wato irin marasa lafiyar da aka ƙirƙiro wannan dabara dominsu, masu zuwa a makare da ƙwaya jingim, su ne cike da asibitocinmu.

Wuraren yin aikin kuma muna da su. Ga Cibiyar Horarwa kan Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa da ke Saye a Zariya, ga tsofaffin asibitoci irin su Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, Garkiɗa a Adamawa, Chanchaga a Minna, ga Danja kusa da Maraɗi a Nijar. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da likitocin fata na asibitocin koyarwarmu za su haɗa kai da irin waɗannan wurare su yi gwaji na tsanaki, a kan masu ma'auni 4 zuwa sama kaɗai, a kwatanta MDT zalla da MDT haɗe da BCG ko MIP, a yi wa kowa gwajin ƙanjamau tukuna, kuma abin da za a ƙirga ya zama yawan bori, yawan firednisolon da aka sha, da yawan hannaye da ƙafafun da suka tsira. Irin wannan aiki ba ya bukatar gini ko na'ura mai tsada. Yana bukatar madubin likita mai aiki, da wanda ya iya tsaga kunne ya karanta gilashi, sana'ar da ke neman ɓacewa yayin da tsofaffin ma'aikatan kuturta ke yin ritaya. Yana bukatar ma'aikacin da zai riƙa taɓa tafin hannu da na ƙafa da bakin biro duk wata yana rubuta inda aka ji da inda ba a ji ba.

Yana kuma bukatar maganin kansa ya kasance a kan kanta. A 2024 MDT ya yanke a Najeriya kusan shekara guda saboda tsaikon takardu da ƙa'idojin shigo da magani, sai a watan Maris na 2025 kaya suka iso. Mutane sun zo an gano cutarsu an ce su koma gida su jira. Allurar da ake magana a kanta mataimakiya ce, ba ta kashe ƙwayar yadda rifamfisin ke yi, kuma duk wanda ya ce wa mai kuturta ya bar magani ya zo a yi masa wata allura, cutarsa zai yi. Haka nan akwai abin da aka riga aka tabbatar wanda bai kai ko'ina ba tukuna: shan rifamfisin sau ɗaya tak ga mutanen gidan mara lafiya, wanda a wani babban gwaji a Bangaladash ya rage kamuwa da kashi 57 cikin ɗari a shekara biyun farko, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da shi a 2018.

A can Burazil, cibiyar Fiocruz ta samu izini a 2024 ta gwada wata sabuwar allura mai suna LepVax, wadda aka haɗa a Amurka daga zaɓaɓɓun sinadaran ƙwayar kuturta maimakon ƙwaya sukutum. A jikin armadilo ta jinkirta lalacewar jijiya, kuma wannan ne ya sa masana ke sa mata ido a matsayin abin da za a iya haɗawa da magani nan gaba. Shekaru ne a gaba kafin a san gaskiyarta.

Shi kuwa dattijon nan, ma'aikacin ya sa shi ya rufe ido, ya bi tafin hannunsa da bakin biro wuri-wuri. A ƙaramin yatsan dama da gefen tafin bai ji komai ba, alhali a katinsa an rubuta cewa wata uku da suka wuce yana ji. Aka ƙirga masa ƙwayoyin firednisolon na mako biyu a ƙaramar leda, aka ja wa ɗansa kunne kada a tsayar da su rana ɗaya ba tare da an dawo ba, aka ce ya rataye hannun a wuya da ɗankwali ya huta da fartanya. Ɗan ya tambaya ko wannan ne na ƙarshe. Ma'aikacin ya duba katin, inda aka rubuta 5 a ranar da aka fara magani, ya ce, “Yayana, ku dai riƙa kawo shi da zarar ya ji wani abu. Da sauran tafiya.” Dattijon ya sauke hannun rigarsa a hankali, ya mayar da katin aljihu, suka nufi inda suka jingine babur.